Ruwa Ya Ci Rubutu, Bai Ci Haƙƙi Ba

A daren Litinin, 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, cikin watan Rabi'ul Awwal, madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda, ta kasa riƙe abin da damina ta tara mata, ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri jama'a suna barci. Cikin yini guda ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a, ya rushe katangar gidan yari, ya halaka mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, har dattawan da suka ga ambaliyar 1994 suka shaida cewa wannan ta shafe waccan. An yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu da rahama, an yi asarar gidaje da dukiya. Amma akwai wata asara wadda ba ta da gawa balle a yi mata salla, watau asarar abin da mutane suka rubuta suka ba kwamfuta ajiya, kuma ita ce ta jefa ni cikin mas'alar da nake so in warware a nan.

Muna da wani maƙwabci a Mafoni, dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya shekara talatin yana ba ƙananan 'yan kasuwa gero da masara da wake bashi, yana rubutawa a manyan littattafai masu baƙin bango, har ɗansa ya gama makaranta ya kwashe lissafin duka ya zuba a kwamfuta, aka jingine littattafan a ƙasan kanta, daga baya ma aka daina rubutu a cikinsu. Da ruwa ya janye suka buɗe shago, sai suka tarar buhuna sun kumbura sun tsage, hatsi ya tsiro yana wari, littattafan sun zama curin takarda da ba a iya raba shafi da shafi, ita kuwa kwamfutar tana kwance a gefe, laka ta cika mata kowace kafa. Na ga dattijon ya tsuguna yana share ta da gefen rawaninsa, a hankali, kamar mai share fuskar yaro, domin sunan duk wanda yake bi bashi, da na duk wanda yake binsa, yana cikin wannan akwati.

Allah Ya taimake su, yaron bai jona ta da wuta ba. Mai gyaran da suka kai wa ya ce da shi, "Baba, da kun kunna ta, da sai dai haƙuri." Ya yi masa bayani cewa faifan ajiya irin na da faranti ne mai sheƙi da yake juyawa dubban sau a minti guda, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, wata 'yar allura tana shawagi a kansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ruwa shi kaɗai ba ya goge abin da maganaɗisu ya riƙe, amma idan laka ta bushe a kan farantin, sa'an nan aka kunna, allurar za ta ja ƙasar ta kankare rubutun har abada. Saboda haka ba a shanya shi a rana, ba a buɗe shi a ɗaki mai ƙura, kuma ba a jinkiri, gama tsatsa ba ta jiran kowa. Aka aika da faifan wurin masu kayan aiki, suka wanke shi, suka sauya abin da ya lalace, suka kwafe abin da ke ciki gaba ɗaya zuwa wani sabon faifai kafin su fara neman fayil ko ɗaya. Bayan makonni lissafin tsofaffin shekaru ya dawo, amma na watannin ƙarshe, wanda shi ne bashin da ke raye, ya faɗa daidai wurin da farantin ya ci rauni.

A nan ne masu zuwa jaje suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya hukunta ba makawa, kada a wahalar da rai. Waɗansu suka ce sakaci ne, domin da an ajiye kwafi a wani wuri da ba a shiga wannan hali ba. Ni kuwa ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Saukar ruwa da ɓallewarsa cikin dare ba a hannun mai hatsi suke ba, kuma wajibi ne mumini ya karɓi abin da ya riga ya auku da sallamawa, ba tare da cizon yatsa mai kai mutum ga zargin Ubangijinsa ba. Sai dai imani da ƙaddara magani ne ga abin da ya wuce, ba a mai da shi hujjar barin sababi a kan abin da ke tafe. Malamai sun daɗe suna karantar da mu labarin Balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗauri da tawakkali. A zamaninmu igiyar raƙumar ita ce kwafi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata na'ura dabam, ɗaya kuma a wuri mai nisa da ruwa guda ba zai ci su tare ba, ko gidan ɗan'uwa a wani gari, ko ma'ajiyar intanet.

Wannan kuwa ba sabuwar hikima ba ce da Turawa suka kawo mana. Allah Ya yi alkawarin tsare Alƙur'ani, Sahabbai kuma sun fi kowa yaƙini da wannan alkawari. Duk da haka, da mahaddata masu yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar bai ce alkawari ya wadatar ba, sai ya matsa wa Sayyidina Abubakar har aka sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara shi daga ƙirazan mutane da abubuwan da aka rubuta shi a kai. A zamanin Sayyidina Usman kuma aka yi kwafe-kwafe aka rarraba su ga manyan birane. Su sun fahimci cewa ƙoƙarinsu yana cikin hanyoyin da alkawarin yake cika da su. Ƙasar Barno ma ta ɗanɗana wannan darasi. Birnin Ngazargamu ya faɗi a 1808, Rabe ya rushe Kukawa a 1893, amma tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da limaminsa Ahmad ɗan Furtu ya rubuta yana hannunmu har yau, saboda marubuta sun yi ta kwafarsa hannu bayan hannu, har Bature matafiyi Barth ya samu kwafi a Kukawa a shekarun 1850 ya aika da shi Turai.

Amma da a ce darasin ya tsaya a kan yawaita kwafi, da ban ɗauki alƙalami ba, gama kowane mai gyaran kwamfuta zai faɗe shi fiye da ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne a tsangaya. Almajiri yakan rubuta karatunsa a allo da tawada, ya yi ta biyawa dare da rana a gaban wutar kara, ran da ya kawo hadda ba gyara sai malam ya ce ya je ya wanke; da hannunsa yake zuba ruwa a kan rubutun, ba ya baƙin ciki, domin abin da ke kan allon ya riga ya koma ƙirji. Da haka Barno ta fitar da gwanayen da suke rubuta Alƙur'ani sittin da ka, ba tare da duba wani littafi ba. Ruwa guda ne ya wanke allon almajiri ya kuma cika kwamfutar mai hatsi. Bambancin kawai shi ne ɗaya yana da mazauni na biyu a zuciyar mutum. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, da ta yi umarni da rubuta bashi ba ta tsaya nan ba, ta haɗa da kafa shaidu, ta kuma ɗora wa wanda ake bi nauyin yin shifta da tsoron Allah, kada ya tauye kome. Ashe tun asali rubutu shaida ne a kan haƙƙi, shi kuwa haƙƙin yana rataye a wuyan mai shi, ko takarda ta rayu ko ta mutu.

Na ga tabbacin wannan da idona. Da labari ya bazu cewa lissafin Alhaji ya ɓace, sai ga wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ita ma ruwa ya ci ɗakinta, ta zo ta durƙusa a ƙofar gida ta ce, "Alhaji, buhun wake ɗaya da rabi ne a kaina, ba ni da shi yanzu, amma ka rubuta." Bayanta waɗansu suka biyo, wannan ya faɗi nasa, wancan ya kawo rabi, har yaron ya cika shafuka da abin da injin ya kasa dawo da shi. Shi ma dattijon ya aika wa manoman da suke binsa kuɗi cewa su zo su faɗi nasu, zai biya a kan maganarsu. Akwai kuma waɗanda suka yi shiru, suna zaton ruwa ya wanke musu wuya; waɗannan su ne abin tausayi na haƙiƙa, domin sun manta da mala'iku marubuta masu daraja, da littafin da ba ya barin ƙarami ko babba, wanda ba laka ba tsatsa da za ta taɓa shi.

Yanzu yaron yana kwafe lissafi duk ranar Juma'a ya aika wa ƙanin mahaifinsa a Kano, an kuma sayi sabon littafi mai baƙin bango an ɗora shi a saman kanta. Na tambayi dattijon ko zai ci gaba da ba da bashi bayan abin da ya gani. Ya ce, "Malam, wanda ya zo ya faɗi bashinsa alhali ba takardar da za ta kama shi, in na hana shi gero, wa zan ba?"