Agogon Mota Da Mudun Zamba

Ya kai mai karatu, ko kai mai sayar da mota ne, ko dillali, ko kuwa kana tara kuɗi domin ka saya, ka kasa kunne ga wannan magana, gama ta shafe ka.

A gaban direba akwai wani ɗan agogo wanda ba ya nuna sa'a. Aikinsa ƙidaya nisan da motar ta yi tun ran da aka ƙera ta. Kamar yadda mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya dubi haƙora domin ya san shekarunsa, haka mai sayen mota ya kan dubi wannan agogo. Motoci da yawa da mu ke hawa sun riga sun yi aiki a Amurka ko Turai kafin a ɗoro su a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano. A kan hanyar nan ne waɗansu su kan komar da agogon baya. Motar da ta yi kilomita 280,000 sai ta wayi gari tana nuna 90,000. A dā sai an kwance agogon an juya lambobinsa da hannu. Yanzu da ya ke na lantarki ne, 'yar na'ura a ke jonawa, kafin a sha ruwa an gama. Kuɗin motar ya tashi, amma injin yana nan da tsufansa.

Hukumomin duniya sun san wannan sata ce. Amurka ta hana ta da doka a shekara ta 1972. Ƙasar Beljiyam kuwa, tun 2006, ta wajabta wa mai sayar da tsohuwar mota ya ba mai saye takardar da ke nuna nisan da aka rubuta mata a lokatai dabam dabam. Amma tun kafin a san mota Allah ya riga ya yanke hukunci. Cikin Kubawar Shari'a, sura 25, an hana Isra'ilawa ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Littafin Misalai, sura 11, ya fara da nuna ƙyamar Ubangiji ga mizanin algus. Agogon mota ma'auni ne. Wanda ya rage shi, da wanda ya doki gindin mudu ya lotsa shi, laifinsu ɗaya.

Watakila za ka ce, "Ba ni na juya ba, haka na saye ta." In ba ka sani ba, ba ka da alhaki. Amma in ka ga sitiyari ya goge, robar birki ta cinye, kujerar direba ta lotsa, zuciyarka ta gaya maka lambar nan ƙarya ce, sa'an nan ka nuna wa mai saye agogon ka yi shiru, to, ka ari bakin agogon ka yi ƙarya da shi. Haka kuma in agogon mil ya ke ƙidayawa, irin na motocin Amurka, ka bar mutum yana tsammani kilomita ne. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi. Mil 100,000 ya kai kilomita 160,000. Lambar gaskiya ce, amma ka ruɗe shi da ita.

Ko kuwa za ka ce, "Kowa haka ya ke yi, in na faɗi gaskiya motata za ta kwana a fili." Ba na musun wannan. Mai gaskiya ya kan yi hasara a kasuwa, wani lokaci hasara mai zafi. Amma ka dubi wanda ya ke biyan ribarka. Ga mutum ya sayar da gonarsa ya sayi mota domin ya yi haya ya ci da iyalinsa. Akwai bel a cikin injin motoci da yawa wanda a ke sakewa bayan an yi nisa kaza. Shi yana duban agogo, yana cewa da saura. Ran nan belin ya tsinke a tsakiyar daji, injin ya lalace, gona ta tafi, mota ta tafi. Abin da ka ci a bisansa, abincin 'ya'yansa ne. Yawan masu yin zunubi ba ya rage nauyinsa, kowa kuwa shi kaɗai zai tsaya gaban kursiyin shari'a.

Kai kuma mai saye, kada ka ce bincike rashin ƙauna ne. Ba a umurce ka ka gaskata kowace lamba ba. Tun 1981 motocin da a ke sayarwa a Amurka suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, da ita a ke neman tarihin motar a intanet, a ga nisan da aka rubuta mata can. Ka nemi wannan, ka tafi da makanike amintacce, ka gwada lambar agogo da jikin motar. Mai gaskiya ba ya jin haushin a auna mudunsa. Amma kada ka zargi ɗan'uwanka ba hujja, gama mai yiwuwa ne shi ma ruɗinsa aka yi.

In kuwa ka riga ka aikata wannan, ƙofa ba ta rufe ba. Ka karanta labarin Zakka cikin Luka, sura 19. Sa'anda Yesu ya shiga gidansa, sai ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zambata riɓi huɗu. Tuban da ya bar kuɗin zamba a aljihu bai cika ba. Ka nemi wanda ka cuta, ka gaya masa ainihin nisan motarsa domin ya gyara abin gyara tun ba ta jefa shi cikin hatsari ba, ka mayar masa da abin da ka ci. Za ka ji kunya, amma kunyar yau ta fi ta Ranar Shari'a sauƙi, Almasihu kuwa ba ya korar mai zuwa gare shi da gaskiya.

Ana iya komar da agogon mota baya, amma abin da ka aikata yana rubuce a wurin da hannun makanike ba ya kaiwa. Ubangiji ya ba ka zuciya ɗaya da mudu ɗaya. Amin.