Tsumburbura Ta Tafi, Kada Ta Dawo Ta Ɗakinki



'Yar'uwa uwargida, duk ranar da kika hango Dutsen Dala daga tsakar gidanki, ki gode wa Allah da Ya yi ki Musulma. Tarihin Kano ya nuna a kan dutsen nan Barbushe ya zauna, yana saukowa ya shiga wurin tsafin Tsumburbura, jama'a suna kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza ana yankawa.

Ba mu kaɗai wannan duhu ya rufe ba. Rumawa har sarakunansu suka riƙa gina wa ɗakunan bauta. A shekara ta 140 Miladiyya matar Sarki Antoninus, mai suna Faustina, ta mutu, aka ɗauke ta abar bauta, ya gina mata ɗaki a birnin Rum. Kin ga so da girmamawa in suka wuce iyaka, nan suke kai mutum. Ibn Abbas (RA) ya bayyana cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS) asalinsu salihan bayi ne da aka yi wa siffofi don tunawa da su.

Musulunci ya samu gindin zama a Kano zamanin Sarki Yaji (1349-1385), da zuwan Wangarawa. Amma duk da haka, daga baya aka samu Dirki: Alƙur'ani ne aka naɗe cikin fatu ana yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali (1781-1807) da ya sa aka sassare shi da gatari. Subhanallahi! Ashe shirka tana iya zuwa da rigar addini.

To, ke fa 'yar'uwa? In maigida ya ce zai ƙara aure, ko haihuwa ta yi jinkiri, wa kike fara kai wa kuka? Mai ce miki ki kawo baƙar kaza, ki binne laya a ƙofar ɗakin kishiya, ko da carbi a hannunsa, aikin Barbushe yake yi. Kishi halitta ce, amma ba a sayen miji da imani. Ki tashi cikin dare ki gaya wa Allah, ki riƙe azkar na safe da yamma, in rashin lafiya ce ki je asibiti. Wadda ta taɓa zuwa, ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya kashe mu a kan tauhidi, amin.