Ziyarar Urushalima: Me Za Mu Kawo Gida?

Kaka ta yi, an cire auduga, an ɗaure dawa, masara ta shiga rumbu. A irin wannan lokaci ne mukan ji waɗansu cikinmu suna zancen tafiya Urushalima. Tun shekarar 2007, da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar Kirista masu ziyara, mutanenmu na ƙasar Malumfashi da Funtuwa sun sami hanyar zuwa. Abin godiya ne. Amma kafin ekklisiya ta raka mutum tasha, ya kamata ta tambaye shi abin da za shi nema, da abin da za shi kawo mana.

Bari mu duba Littafin Joshuwa, sura 4. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun a kan busasshiyar ƙasa, Ubangiji ya sa aka zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila. Kowa ya saɓa dutse daga tsakiyar kogi, Joshuwa kuwa ya kafa su a Gilgal. Duwatsun nan ba su da wani iko a cikinsu. An kafa su domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba su labarin abin da Allah ya yi.

Har wa yau Yahudawa ba su yar da wannan koyarwa ba. Jama'ar majami'a guda daga Amurka ko Ingila sukan tashi tare da malaminsu, tsofaffi da yara, su tafi ganin wuraren kakanninsu. A Urushalima sukan tsaya gaban Bangon Yamma, watau ragowar katangar da Sarki Hirudus ya gina kewaye da filin Haikali, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70. A can yaro ɗan shekara 13 yakan karanta Attaura a gaban jama'a. Waɗansu kuma sukan je ƙasar Polan, inda tun 1988 samari da 'yan mata suke yin tafiyar kilomita 3 a ƙasa a sansanin Aushwits, domin tunawa da danginsu wajen miliyan 6 da aka hallaka a zamanin Hitila. Ku lura fa, ba su barin yara a gida, gama tafiyar makaranta ce.

To, mu fa? Sau da yawa abin da muke kawowa shi ne haruffa biyu, JP, a bayan suna, da hula, da kwalbar ruwan Urdun. Akwai wanda yakan ajiye ruwan nan ƙarƙashin gado, yana shafa wa mara lafiya. Ashe, kakanninmu sun ƙone layu da tsafi domin mu sāke ɗaura su da sabon suna? Akwai wanda ya sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona, domin a ce shi ma ya je, damina ta zo iyalinsa suna neman rance. Akwai ma waɗanda suka sulale daga ayari a can, suka ɓuya neman aiki, suka jawo wa sunan Kristi kunya.

Maƙwabtanmu Musulmi suna zuwa Makka domin addininsu ya wajabta wa mai hali. Mu kam Ubangijinmu bai ɗora mana wannan ba. A bakin rijiya ya koya wa matar Samariya cewa sujada ba ta rataye ga dutsen Samariyawa ko Urushalima ba, Uba yana duban ruhu da gaskiya ne. Tsohuwar da ke durƙusawa a ɗakinta na kara, wadda ba ta taɓa wuce Kano ba, addu'arta ba ta gaza ta mai JP ba ko kaɗan. Wanda ya je ma, ƙarshen tafiyarsa kabari ne, ya leƙa ya tarar ba kowa. Mai Ceto ya tashi, yana kuwa tare da mu a nan.

Ba muna cewa kada a je ba ne. Wanda Allah ya buɗa masa, ba bashi, ba yunwa a gida, shi tafi da idonsa a buɗe da littafin rubutu a aljihu. Shi bi hanyar Yariko, shi ga yadda cikin kilomita 27 ake gangara wajen mita 1,000 ta cikin duwatsu da jeji, sa'an nan zai gane hatsarin da Basamariyen nan ya shiga da ya tsaya taimakon baƙo. Shi ga Tekun Galili, tafki ne na ruwan daɗi mai tsawon kilomita 21, kewaye da tuddai inda iska takan faɗo ba labari. In ya komo, shi zauna da 'yan makarantar Lahadi da zumuntar mata shi faɗa musu. Wannan ita ce tsaraba.

Mu da muka rage a gida kuma muna da namu duwatsu. Akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da suka fara karɓar bishara, dangi suka ƙi su, suka jimre. Kullum suna raguwa. Mu kai musu yaranmu tun suna da rai, su yi tambaya, su ji abin da Allah ya yi a ƙasarmu. Wannan ziyara ba ta bukatar fasfo, kuma tana kan kowane ɗayanmu.

Ubangiji shi ba mu zuciya mai tunawa. Amin.