Wasiƙa Ɗaya Ko Mabuɗin Gari Duka?

A cikin watan Agusta na shekarar 2013 wani Ba'amurke mai suna Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na aika wasiƙun imel, watau Lavabit, wanda mutane wajen 400,000 suke amfani da shi. Hukumar FBI tana bin sawun mutum guda ne daga cikinsu, Edward Snowden, wanda ya fallasa asirin leƙen da gwamnatin Amurka take yi wa jama'a. Amma abin da kotu ta umarci Levison ya miƙa shi ne babban mabuɗin da ke tsare hanyar wasiƙun kowa da kowa. Da fari ya buga musu shi a takarda, shafi 11, da ƙananan baƙaƙe waɗanda ido ba ya iya karantawa sai da ƙyar. Da aka ɗora masa tarar dala 5,000 kowace rana sai ya ba da mabuɗin, sa'an nan ya rufe kamfanin.

To, shin mahukunta suna da ikon buɗe wasiƙar mutum? In kuwa suna da shi, ina iyakarsa?

Asalin hukunci dai hani ne. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, ta kuwa jera shi tare da mugun zato da yi da mutum a bayan idonsa, domin ukun nan 'yan gida ɗaya ne. Hanin bai keɓe mai mulki ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba ya tona laifin da aka ɓoye, sai fa in amintaccen mutum ya kawo masa labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi.

Lalle akwai lokacin da ake buɗe wasiƙa. A shekara ta 8 bayan Hijira, ana shirin buɗe Makka a asirce, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa labarin shirin, ya ba wata mace ta kai. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya aiki Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu, ya ambata musu wurin da za su same ta, watau Raudatu Khakh. Suka tarar da ita can, ta yi musu gardama, daga bisani ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Mai karatu ya lura da ƙuncin wannan umarni: mace ɗaya, wuri ɗaya, takarda ɗaya, rayukan rundunar Musulmi kuma suna kan siraɗi. Ba a tsare hanyoyin Madina aka kwance kayan kowane matafiyi ba. Shi kansa Haɗibu ma sai da aka kira shi aka ji uzurinsa, aka kuma yafe masa saboda yana cikin mutanen Badar.

Lauyoyin gwamnati a shari'ar Lavabit sun ce wasiƙun mutum ɗaya kaɗai za su duba, saura na'ura za ta tace ta watsar. Mai yiwuwa ne da gaske suke. Sai dai wanda ya karɓi mabuɗin kowane gida a gari don ya kama ɓarawo guda ya mai da tsaron mutuncin sauran ya rataya ga alkawarinsa kurum, alhali shari'a katanga ta gina musu, ba ta bar su ga kyawun halin ma'aikaci ba.

Maganar biyan kuɗi a ɓoye ta fi wannan sarƙaƙiya. Ɓoye kuɗi ba alamar laifi ba ce a kan kanta, ga sadakar ɓoye nan da aka yaba. Ayar bashi ta Suratul Baƙara ta umarci a rubuta bashi a kafa shaidu, amma ta ɗauke wajabcin rubutu ga cinikin hannu da hannu, kuma rubutun domin kiyaye haƙƙin masu ciniki ne. Duk da haka ɓoyo yakan zama mafakar mugu. Kasuwar intanet ta Silk Road da kuɗin Bitcoin take sayar da miyagun ƙwayoyi, har aka kama mai ita, Ross Ulbricht, a wani ɗakin karatu na San Francisco a watan Oktoba na 2013. Bin sawun irin wannan kasuwa aikin hukuma ne, ba mai musun haka, domin ɓarnarta a fili take kuma an san wanda ake nema.

Abin da ya biyo baya ne ya cancanci a tsaya a kansa. Biyu daga cikin jami'an gwamnati da aka danƙa wa binciken sun yi amfani da damar da aikin ya ba su suka wawure Bitcoin na dubban ɗaruruwan daloli, suna zaton ba mai ganinsu. Shi kuwa Bitcoin kundinsa a buɗe yake, kowane ciniki yana rubuce ko da ba suna a jikinsa. Ta nan wasu masu bincike suka bi sawunsu, kuma a 2015 kotu ta ɗaure kowannensu fiye da shekara biyar.