AMANAR ƘASA DA RUWA: ABIN LURA DAGA GUNDUMOMIN AMURKA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ajiye abincin bayinSa a cikin turɓaya, Ya kuma sanya ruwan sama ya zama mabuɗinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

 Abin da ya jawo maganar wannan mako shi ne, kwanan baya ina biya wa ɗalibaina babin raya matacciyar ƙasa a cikin fiƙihu, sai wani daga cikinsu ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan babi ai na malaman gona ne, me ya kawo shi cikin littafin addini?" Ban ga laifin yaron ba, gama akwai manya da yawa waɗanda ke ganin addini salla ne da azumi kurum, gona kuwa mai ita ya yi yadda ya ga dama da abarsa. Saboda haka na ga ya kamata in kawo mana labarin waɗansu mutane da suka riƙi wannan ra'ayi, da abin da ya same su, da kuma maganin da suka yi, sa'an nan mu auna shi da abin da Shari'a ta riga ta shimfiɗa mana.

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani makeken fili mai ƙarancin ruwan sama, wanda ya ratsa jihohin Kansas da Oklahoma da Teksas da Kolorado. Tun fil azal ciyawa ce ta rufe shi, saiwoyinta sun kama ƙasa sun riƙe, ɓaunaye na kiwo a kai. Da aka kori mutanen asali na wurin, sai gwamnati ta shiga raba filin ga manoma, eka 160 ga kowane magidanci bisa dokar 1862, daga baya aka ƙara. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya alkama ta yi kuɗi, ga tarakta ta samu, sai kowa ya duƙufa kan huɗa, aka tone ciyawar nan ta dubban shekaru cikin shekaru kaɗan. Da fari ya sauka a farkon shekarun 1930, alkama ta ƙone, ƙasa ta zauna tsirara babu abin da zai riƙe ta, sai iska ta zo ta yi ta kwasa.

A watan Mayu na 1934 ƙurar gonakin nan ta kai har biranen Niyok da Washinton, a can bakin teku. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wata guguwa ta taso wadda ta mai da rana dare, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Dabbobi suka mutu, yara da tsofaffi suka kamu da ciwon huhu saboda shaƙar ƙura, rairayi ya binne shinge da garma, mutane dubbai bisa dubbai suka bar gidajensu suka nausa yamma neman ƙwadago. Fari dai daga Allah ne, amma tsiraita ƙasa aikin mutane ne. Suratur Rum ta riga ta faɗakar da mu cewa lalacewar da a ke gani a doron ƙasa da cikin ruwa tana da nasaba da abin da mutane suka aikata da kansu, kuma a kan ɗanɗana musu ɗacinta ne don su farga su komo.

To, sun farga kuwa. Akwai wani masanin ƙasa a cikinsu, Hugh Bennett, wanda tun 1928 ya ke ta gargaɗi cewa zaizayar ƙasa annoba ce, gama ƙasar sama mai taki, wadda kaurinta bai wuce 'yan inci ba, tana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin inci guda ya taru, amma damina ɗaya ta isa ta wanke shi. A ƙarshen Afrilu na 1935 Majalisar Amurka ta kafa hukumar kiyaye ƙasa ta tarayya, aka ba shi shugabancinta. Amma ba da jimawa ba suka gane cewa ma'aikacin da aka turo daga babban birni ba zai iya tsare gonar da bai san ta ba, manomi kuma ba ya sakin jiki da baƙo. Domin haka a 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya aika wa gwamnonin jihohi da samfurin doka, wadda ta ba manoman kowane yanki damar su kaɗa ƙuri'a su kafa hukumar kiyaye ƙasa tasu ta kansu. Ta farko an kafa ta a wannan shekara a kwarin rafin Brown Creek, a Karolina ta Arewa, mahaifar Bennett. Yau irinsu sun kusa 3,000, kuma mafi yawansu iyakarsu ita ce iyakar gunduma, watau abin da su ke kira kawunti, wadda ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu.

Yadda abin ke tafiya shi ne, mutanen gunduma su kan zaɓi waɗansu 'yan kaɗan daga cikinsu, sau da yawa mutum biyar, a waɗansu jihohi kuma a naɗa wasu, galibinsu ba su da albashi. Waɗannan su ke zama su duba inda ƙasa ke zaizayewa, da rafin da ke cikewa da yashi, su tsara abin da za a fara da shi. Gwamnatin tarayya ta kawo masana da gudummawar kuɗi, su kuwa su nuna inda za a sa. Su kan koya wa manomi ya ja kunya ta kewaye gangare maimakon ta miƙe da shi, ya bar ciyawa a hanyar ruwa, ya bar karan gona a kwance bayan girbi, ya dasa jerin itatuwa su tare iska. Tsakanin 1935 da 1942 an dasa itatuwa wajen miliyan 220 a wannan fili. Daga 1985 kuma doka ta ce wanda ke noma ƙasa mai saurin zaizaya ba zai ci moriyar tallafin gwamnati ba sai ya bi tsarin kiyaye ta, aka kuma fara biyan manomi haya don ya bar irin wannan gona ta huta cikin ciyawa shekara 10 zuwa 15.

Babban abin da suka gano shi ne ruwa bai san iyakar gona ba. Wanda ke tudu in ya sare itatuwansa, wanda ke gangare shi ke shan ambaliya. Saboda haka su kan ɗauki dukan ƙasar da ruwanta ke malala cikin rafi guda su mai da ita aiki guda. Sun fara gwada wannan a kwarin Coon Creek na jihar Wiskonsin a 1933, kuma da dokokin 1944 da 1954 an gina ƙananan madatsun ruwa fiye da 11,000 a kan ƙoramu, aka ɗora wa hukumomin yankin nauyin kula da su. Har malaman coci-cocinsu sun shiga, gama tun 1955 su ke ware mako guda kowace shekara na wa'azi kan riƙon amanar ƙasa.

Ya 'yan'uwa, hikima kayan mumini ce da ya ɓata masa, inda duk ya gan ta ya ɗauka. Amma abin da zai ba mai hankali kunya shi ne, abin da waɗannan mutane suka koya bayan ƙura ta turnuƙe su yana nan cikin littattafanmu fiye da shekara dubu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina ya hana kowa mallakarsa, don dawakin Musulmi su yi kiwo, wannan shi ne asalin abin da a ke kira hima. Ya kuma yi hukunci a kan rafin Mahzuru da na Muzainibu, cewa mai gonar sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa da shi. Imam Malik ya kawo wannan a cikin Muwaɗɗa. A nan ne kuma ya kawo labarin Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ratsa da hanyar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da ƙara ta kai gaban Sayyadina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ga abin ba ya cutar mai gona, hasali ma zai amfane shi, sai ya tilasta aka ratsa. Ashe ke nan mallakar gona ba ta ba mutum ikon tauye maƙwabcinsa ba, kuma hukuma na da ikon shiga tsakani.

Sai dai kafa hukuma daban, adalcinta daban, kuma a nan ma Amurka ta bar mana abin lura. Ban da hukumomin kiyaye ƙasa, kowace gunduma tana da kwamitin manoma mai hannu a rabon tallafin gwamnati. Shekara da shekaru manoma baƙar fata suna kukan cewa a ofisoshin gundumomi a kan danne takardunsu na bashi da tallafi, ko a jinkirta su har lokacin shuka ya wuce, da yawa suka rasa gonakinsu. Sai da suka kai Ma'aikatar Gona ƙara a 1997, aka yi sulhu a 1999 gwamnati ta amince ta biya diyya. Ku duba fa, kusancin da ya sa ɗan gari ya fi baƙo sanin gona, shi ne kuma ya ba shi damar fifita nasa.

Sayyadina Umar ya hango wannan tun da wuri. Sa'ad da ya keɓe makiyaya, ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu ya lura da ita, ya yi masa wasiyya ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya umurce shi ya riƙa shigar da mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan, ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, alhali kuwa manyan sahabbai ne. Dalilinsa shi ne, mawadaci in dabbobinsa suka halaka yana da gonakin dabino da zai koma, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Duk wanda aka ba rabon taki, ko iri, ko fili, ko ruwan noman rani, lalle ya auna kansa da wannan wasiyya.

Abu na biyu shi ne gini ba ya tsare kansa. Da yawa daga madatsun nan na Amurka an yi su ne da lissafin shekara 50, kuma dubbai sun riga sun wuce wa'adinsu, har a 2000 sai da aka yi sabuwar doka don gyaransu. Ita ma ƙurar ba ta yi bankwana ba, gama a ranar 1 ga Mayu, 2023, ƙurar gonakin da aka share ta rufe babbar hanya a jihar Ilinoi, motoci da dama suka yi karo, aka yi hasarar rayuka. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin mutanen Saba'i a ƙasar Yaman, masu gonaki dama da hagu a gindin madatsar Ma'aribu, waɗanda suka juya wa godiya baya, ambaliya ta zo ta mai da lambunansu jejin ƙaya. Godiyar ni'ima ba a baki kaɗai ta ke ba, a cikinta akwai liƙe tsagar bango tun tana ƙarama. Mu ma shaidu ne, gama ba mu manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba, balle ta Alau wadda ta cinye babban ɓangare na Maiduguri a watan Satumba na 2024.

Kada wani ya ce wannan tsari baƙo ne a gare mu. Kalmar hurumi da mu ke faɗa daga Larabci ta fito, kuma fiƙihu ya tanadi haramin gari, da na rijiya, da na rafi, watau filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya mallake shi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum kan hukuncin matattun filaye. Kakanninmu sun san Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, sun san burtali da mashaya, kuma dagaci ya san wanda ya ci iyaka. To, ina hurumin garinku yau? Wa ya sa hannu aka yanka shi fuloti-fuloti? Wa ya yi shiru sa'ad da a ke ɗibar yashi a gindin gada, kwazazzabo na matsowa bayan gari kowace damina?

Nasihata ga shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da hakimai da dagatai, ita ce su tuna kowane shugaba makiyayi ne, za a kuma tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ƙasa da ruwa na ciki. Su tara manoma da makiyaya na rafi guda, na tudu da na gangare, su zaɓi amintattu daga cikinsu, a zaga a ga inda ɓarna ta ke tun kafin ruwa ya sauka, rigakafi ya fi magani. Ga limamai kuwa, huɗuba guda a farkon damina kan haƙƙin maƙwabcin gona ba ta yi yawa ba. Kai kuma manomi, ka sani itacen da ka dasa, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi sadaka ce a gare ka, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Gonar da ka gada mai albarka, in ka miƙa wa ɗanka ita ta zama fako, ka ci rabonka ka haɗa da nasa.

Wannan ita ce amsar da na ba ɗalibina, cewa babin nan yana cikin littafin addini domin akwai hisabi a kansa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga fari da ambaliya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.