Shataletale da Haƙƙin Wanda Ya Riga Shiga

Shataletale na zamani mahaɗar hanyoyi ce da motoci ke kewaya wani tsibiri a tsakiya, duk suna bin ɓangare guda, bisa ƙa'ida ɗaya tak: mai son shiga ya dakata wa wanda yake ciki. Wannan ƙa'ida ita ce ta raba shi da tsofaffin da'irori irin Columbus Circle na birnin New York, wanda aka tsara zirga-zirgarsa a 1905, da babbar da'irar Étoile ta Paris ta 1907. A tsohon tsari mai shigowa ne yake da hanya, don haka da motoci sun yi yawa sai da'irar ta cika ta kulle kanta, na ciki ya kasa fita, na waje kuma yana ta danno kai. A 1966 Birtaniya ta kafa dokar da ta ba na ciki fifiko, bayan gwaje-gwajen da injiniyoyi irin su Frank Blackmore suka yi a cibiyar binciken hanyoyi ta ƙasar. Faransa ta bi sahu a shekarun 1980, ta gina dubbai. Amurka ta makara: sai a 1990 aka gina na farko a Summerlin, jihar Nevada. Yanzu garin Carmel kaɗai, a jihar Indiana, yana da fiye da 150.

Hujjar injiniyoyi a fili take. A mahaɗa mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyar mota ɗaya za ta iya cin karo da ta wata. A shataletale mai layi ɗaya guda 8 ne. Lanƙwasar hanya tana tilasta wa direba rage gudu, kuma karon da ya fi kisa, wato gaba da gaba ko mota ta daki wata a ƙugu, kusan ba shi da wuri. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta duba mahaɗai 24 da aka mayar shataletale, ta samu haɗurran da ke jikkata mutane sun ragu da kashi 76 cikin 100. Duk da haka jama'a kan ƙi shi kafin a gina. A wani binciken na cibiyar, a garuruwa uku, kashi 31 cikin 100 na direbobi ne suka goyi baya kafin aiki, bayan an gama suka kai kashi 63.

Wannan ƙiyayya ta farko ita ce wurin da batun ya wuce injiniya ya shiga tambayar ɗabi'a. Danja tana ɗauke wa mutum nauyin yanke hukunci. Ta nuna ja ya tsaya, ta nuna kore ya wuce, in an yi karo kuma akwai mai laifi bayyananne. Shataletale yana mayar masa da nauyin. Dole ya duba, ya auna gudun mai zuwa, ya zaɓi lokacin shiga, sannan ya dogara cewa baƙon da bai taɓa gani ba zai kiyaye ƙa'idar da shi ma yake kiyayewa. Mutane da yawa sun fi son a umarce su da a bar su da hankalinsu, domin umarni yana ba da natsuwa, ko da natsuwar ta ƙarya ce. Direban da ya ga kore yakan taka mota bai waiwaya ba, kuma nan ne wanda ya karya ja yake samunsa. Ɗan ɗar-ɗar ɗin da ake ji a bakin shataletale yana cikin abin da ke tsare rai, tun da shi ne yake hana ido barin hanya.

Fiƙihun Musulunci ya daɗe da magana a kan irin wannan. Malamai sun ɗauki hanyar jama'a a matsayin haƙƙin kowa, suka ce wucewa a kanta halal ne bisa sharaɗin kada a cutar da wani, shi ya sa suka ɗora wa mahayi lamunin abin da dabbarsa ta taka. Akwai kuma ƙa'idar riga: abin da yake na kowa, kamar wurin zama a masallaci ko filin kasuwa, wanda ya riga isa gare shi ya fi cancanta da shi har ya tashi. Dokar 1966 ba daga fiƙihu aka ɗauko ta ba, amma tunaninsu ɗaya ne, domin da'irar ta kowa ce kuma wanda ya riga shiga shi ke da ita na 'yan daƙiƙu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, saboda maslahar jama'a da biyayya ga hukuma. Ashe wanda ya kutsa wa na ciki ya ci haƙƙin wani, ko ɗan sanda yana nan ko ba ya nan. Cewa "tsautsayi ne" bayan an yi ganganci ba ta wanke mai shi, domin imani da ƙaddara bai taɓa soke riƙon sababi ba.

Ƙa'idar riga tana da wani ɓangare da ke yi wa wasu ɗaci: ba ta duba girma. A zaman jama'ar Hausa ƙarami ne yake kauce wa babba, kuma ladabi ne mai kyau a ƙofar gida ko a zaure. A titi kuwa wannan ladabi yakan rikiɗe ya koma ikon mai ƙarfi, tirela ta danne ƙaramar mota, ƙaramar mota ta danne Adaidaita Sahu, shi kuma ya matse mai babur, mai jiniya ya kore kowa. Shataletale yana buƙatar attajiri a babbar mota ya taka birki saboda ɗan acaɓan da ya riga shi shiga. Inda direbobi suke ɗaukar ba da hanya a matsayin alfarma da ake yi wa wanda aka ga dama, tsarin ba ya tafiya, sai an ajiye ma'aikacin hukumar kula da hanya ta Kano (KAROTA) ko ɗan sanda yana ba da hannu a wurin da aka gina don ya tafi da kansa. Inda suke ɗaukarsa bashi ne da ake biya, motoci suna gudana ba tare da mai tsaro ba, kuma ko an ɗauke wuta ba abin da ya canza, abin da danja ba za ta iya ba a garuruwan da lantarki ba shi da tabbas. A Nijeriya, tun da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, wanda ake dakata wa shi ne mai zuwa daga hagu, kuma abin takaici ne yadda direbobi da yawa suke kan titi ba wanda ya taɓa koya musu wannan.

Ba daidai ba ne a ce kowane mai adawa jahili ne ko mai son kai. Idan hannu ɗaya ya fi sauran cunkoso ƙwarai, motocinsa sukan mamaye da'irar, na sauran hannuwa su daɗe ba su sami kafa ba, ƙa'idar riga ta zama zalunci ga wanda kullum shi ne na baya. Wannan yana cikin dalilan da ke sa hukumomi su sa danja a manyan shataletale, ko su maye gurbinsu da gadar sama, kamar yadda aka yi a Dangi a Kano. Masu keke ma suna shan wahala a masu layi biyu ko uku. Makafi sun fi kowa ƙorafi mai ƙarfi. A danja makaho yana jin lokacin da motoci suka tsaya cak ya tsallaka, a shataletale kuwa ƙarar ba ta yankewa, kuma tsarin da ya ginu a kan haɗa ido da direba ya bar shi a waje. Saboda haka ne a wasu ƙasashe ake ja da wurin tsallakawa baya kaɗan daga bakin da'irar, a ɗaga shi kamar tudun rage gudu, ko a sa fitila mai ƙara da mai tafiya a ƙasa zai danna kafin ya sauka kan titi.