Gudun Asuba da Sahun Asuba

 

'Yan uwa, makon jiya dattawanmu sun kawo ƙorafi. Wasu samarinmu sun ɗauki gudun nisa, tun duku-duku sun kama hanyar Tumfure ko sun nufi dutsen Liji, suna ratsa hanyoyin gonaki, wai suna shirin gasar gudun yada ƙanin wani irin wadda ake yi a Legas tun 2016. Wani dattijo ya ce ai wannan aikin banza ne: mun baro Borno da Yobe da Katsina da Nijar mun zo Gombe neman abinci, yaro kuma ya tashi yana gudu ba wanda ya kore shi!

To, mu yi adalci. Gudu ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wani lokaci kuma ya wuce ta. Sahabi Salama ɗan Akwa'u da ƙafa ya bi mahaya da suka kore raƙuman Annabi, har aka ƙwato su. Nana Hajara ta yi kai-kawo sau bakwai tsakanin Safa da Marwa tana nemar wa jaririnta ruwa, ga shi har yau alhazai na bin sawunta. Jiki amana ne, mai ƙarfafa shi da kyakkyawar niyya yana da lada in sha Allahu. Kuma gara mu ga yaro a kan tudu yana haki da mu gan shi a lungu cikin masu shan ƙwaya.

Sai dai fa, samari, ga inda gizo ke saƙar. Tun da kuka soma atisayen nan, sahun Asuba ya ragu. Mun ƙirga, mun gani. Kun ce kuna sammako ne don kada rana ta same ku a hanya, mun kuwa san zafin Gombe a Maris da Afrilu. Amma sallar Asuba raka'a biyu ce, ba ta kai minti goma ba. Ku da kanku kuka gaya mana tsawon gasar kilomita 42 ne da mita 195, kuma ba a kai wa nan dare ɗaya: ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan mako bayan mako, ana hawan tudu a sauko a sake hawa, har ƙafa da numfashi su saba. Wanda ya iya wannan haƙurin, yaya za a yi raka'a biyu su gagare shi? Shi ma imani haka yake ginuwa, da ɗan aikin da ba a fashi.

Saboda haka ga nasiharmu. A yi salla cikin jam'i tukuna, daga ƙofar masallaci a ɗaura takalmi. A sa wandon da ya rufe gwiwa. A kan kwalta a bi gefen da ake fuskantar mota, don manyan motocin siminti na Ashaka ba sa ganin mutum da wuri a duhu ko cikin hazo. In kun shiga ƙauye ku yi sallama, kada ku taka wa manomi gero ko gyaɗa. Mu baƙi ne a garin nan, ɗayanmu in ya yi ɓarna, sunan dukanmu ake kira. Da azumi kuma a mayar da gudun bayan buɗa baki, a sha ruwa sosai.

Ku kuma iyayenmu, a daina yi musu gori. In kun gan su a sahu, ku sa musu albarka kafin su fita.

Gobe Asabar za mu duba sahun farko. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.